Kwado da makulli: yadda za ka tsare wayarka da sirrinka a Kumasi

Wata Laraba bayan la'asar ƙanwar mahaifiyata ta shigo rumfar da nake gyaran waya a Adum. Atamfa take sayarwa a Kejetia, kuma ba ta saba barin kaya ta taso kafin a tashi kasuwa ba. Ta ajiye wayar a kan tebur, kusa da fitilar aiki, ta ce, "Ɗana, duba mini. Tun hantsi ake kirana, wai na aika ina neman rance."

Na ce, "Mma, akwai wanda ya sa kika karanta masa wata lamba?"

Ta gyara mayafi, ta yi jim. "Wani yaro ne mai ladabi. Ya gaishe ni da Hausa, ya ambaci sunan shugabar ƙungiyarmu ta mata, ya ce za a yi taro ta waya da daddare, an turo mini lambar shiga. Guda shida. Na karanta masa."

Lambobin nan shida su ne WhatsApp ke turowa duk sanda wani ya nemi buɗe asusun layinka a wata waya. Yaron ya shiga, Mma ta fita, ya bi dangi ɗaya bayan ɗaya da sunanta da hotonta. Kafin labari ya zaga, wani ɗan'uwanmu a Tamale ya riga ya tura kuɗi. Da ɗan gari akan ci gari: sunan shugabar nan da ya ambata shi ya buɗe masa ƙofa.

Ka lura, ba wanda ya fasa WhatsApp. Kwadon yana nan da ƙarfinsa, makulli aka roƙa aka kuma bayar. Shekarun da na yi a kan teburin nan ban taɓa ganin wanda aka cuta ta hanyar karya lissafin kulle saƙo ba. Kullum ta baki ne, ko ta hannu, ko ta wata ƙofar baya da mai waya bai san a buɗe take ba. Waɗannan ƙofofin nake so mu bi mu rufe.

Mene ne kullen kansa?

Duk wanda ya tashi cikin Hausawa ya san zaurance. Yara su cusa wata gaɓa bayan kowace gaɓa, "zo mu tafi" ta koma "zodo mudu tadafidi", babba yana zaune bai gane ba. Ɓoye saƙo ke nan a mafi sauƙinsa, kuma rauninsa a fili yake: da kunne ya saba, asiri ya tonu. Haka tsofaffin dabarun rubutu suke, waɗanda ake musanya kowane harafi da wani. A ƙarni na 9, a Bagadaza, malamin nan Al-Kindi ya rubuta yadda ake warware su. Ka ƙirga alamar da ta fi yawan fitowa a rufaffen saƙo, ka gwada ta da harafin da ya fi yawa a harshen, kamar alifi da lamun a Larabci, sauran sai su biyo.

Na zamani ba haka yake ba. Dabarar ba a ɓoye take ba, kowa na iya karanta yadda take aiki, makullin ne kaɗai sirri. Tsarin AES, wanda Amurka ta amince da shi a 2001 kuma wayoyinmu ke amfani da shi, in aka ba shi makulli mai tsawon bit 256, yawan makullan da ɓarawo zai gwada adadi ne mai lambobi 78 a jere. Ba kwamfutar da za ta ƙare wannan ƙirge.

Saura tambaya guda: ta yaya zan miƙa maka makulli alhali hanyar da ke tsakaninmu cike take da masu kasa kunne? A 1976 Whitfield Diffie da Martin Hellman suka fito da tunanin makulli biyu. Ka ɗauka ka raba wa jama'a kwaduna a buɗe, makullinsu ɗaya tak yana aljihunka. Duk mai son aiko maka da saƙo ya sa a akwati, ya datse da kwadonka. Direban da ya ɗauko akwatin ba zai iya buɗewa ba, ko wanda ya datse ma ba zai iya ba. Wannan shi ne kulle daga waya zuwa waya, wanda WhatsApp ya kammala sa wa masu amfani da shi a Afrilun 2016, da tsarin da masu Signal suka ƙera. Amma akwatin a hanya kawai yake a datse. A wayarka a buɗe yake, a wayar abokin maganarka ma haka.

Mataki na farko: wa kake tsoro?

Kafin ka taɓa saitin waya, ka zauna ka amsa wa kanka wannan. Ɓarawon trotro wayar yake so da kuɗin cikinta. Ɗan damfara MoMo yake so, wato asusun kuɗinka na waya, da sunanka. Na gida, wato abokin zama, yaron shago, ko wanda kake ba aron waya ya kira, shi hirarka da hotunanka yake iya gani. Kamfanoni suna tara bayanin inda kake zuwa da abin da kake so don talla. Sai hukuma, wadda ƙarfinta ya fi na kowa amma ba kowa take bi ba. Mai sayar da waken Alabar da ɗan jaridar da ke binciken wani babba ba tsaro iri ɗaya suke bukata ba. Mafi yawanmu ukun farko ne ke cinye mu, don haka da su za mu fara.

Mataki na biyu: ƙofar wayar

Ka sa lambar buɗe waya mai aƙalla lamba shida. Mai huɗu hanyoyi 10,000 ne, mai shida 1,000,000. Ban da shekarar haihuwa, ban da ƙarshen lambar layinka, ban da 786 da aka maimaita. Zanen da ake ja da yatsa kuwa ka bar shi. Sau tari in aka miƙo mini waya na karkata ta ga fitila, sai in ga sawun zanen a maiƙon gilashi ɓaro-ɓaro.

Lambar nan ba sakata ba ce kawai. Wayoyin da suka fito da Android 10 zuwa sama, da iPhone tun shekaru da dama, duk abin da ke cikinsu a kulle yake, kuma lambarka tana cikin abin da ake haɗa makullin da shi. Lamba mai rauni, makulli mai rauni. Yatsa da fuska suna da sauƙi, ina amfani da su, amma ana iya danna yatsan mai barci. Ka kuma san wannan: wayar da aka kashe gaba ɗaya, ba a sa mata lamba ba tun da aka kunna, ita ta fi wuyar buɗewa ga kowace na'ura. In ka ga alamar wayar za ta bar hannunka ba da sonka ba, kashe ta.

Ka shiga saitin sanarwa ka hana saƙonni nuna abin da ke cikinsu in waya tana kulle. In ba haka ba, lambar sirrin da banki ko WhatsApp suka turo za ta fito a fuskar waya, mai tsaye kusa ya karanta ba tare da ya buɗe komai ba. Ka sa ta riƙa kulle kanta bayan daƙiƙa 30.

Sai abin da kusan kowa ke mantawa, wato kulle sim. Ɓarawo in ya kasa buɗe waya sai ya zare sim ya sa a tasa, duk lambobin da ake turo maka su koma hannunsa. A sashen tsaro na saiti akwai wurin da aka rubuta SIM lock. Kunna shi, ka canza lambar da layin ya zo da ita. Yi hattara a nan: kuskure uku yana rufe sim sai da lambar PUK, wadda ke jikin katin da aka ɓalle sim ɗin, kuskure goma a PUK kuma ya kashe shi ɗungurungum. In ba ka san lambar asali ba, kira 100 ka tambaya, kada ka yi ta cinke.

Danna *#06#, lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar mai lamba 15, za ta fito, rubuta ta a takarda ka ajiye a gida. Ka tabbata tsarin gano waya in ta ɓace, wato Find Hub (wanda a da ake kira Find My Device) ko Find My na iPhone, a kunne yake.

Bari in faɗi wata magana a kan sana'armu. Canjin gilashi, batir ko wurin caji ba ya bukatar a ba mai gyara lambar waya. In yana son gwadawa, ka tsaya ka buɗe da hannunka a gabansa. Ka cire sim da katin ajiya kafin ka bar ta. Wasu wayoyin Samsung suna da Maintenance mode, wanda ke ɓoye kayanka har a gama aiki. Akwai masu amana da yawa a cikinmu, amma hotunan iyalin mutane sun sha fita daga rumfunan gyara, kuma mai amana ba zai ji haushi don ka kiyaye ba. In ka sayi waya ta hannu, mayar da ita yadda ta fito daga kamfani kafin ka sa komai naka. In za ka sayar, fita daga asusun Google tukuna, sannan ka goge.

Mataki na uku: MoMo

Doka ɗaya ta isa ta raba ka da yawancin masu damfara: karɓar kuɗi ba ya bukatar lambar sirrinka. Duk sanda waya ta nemi ka sa lamba alhali ba kai ka fara danna komai ba, kuɗi ne zai fita. Wanda ya kira ya ce ka ci gasa, ko za a toshe layinka, ko ya turo maka kuɗi bisa kuskure ka taimaka ka mayar, katse kiran. Saƙon da ya ce kuɗi ya shigo ba shi ne kuɗi ba, kowa na iya rubuta irinsa. Ka shiga *170# in MTN ne, ko *110# in Telecel ne, ka ga abin da ke ciki da idonka. 'Yan kasuwa, wannan naku ne musamman: kada kaya su bar rumfa don an nuna muku hoton saƙo.

Lambar MoMo ta bambanta da ta buɗe waya. A wurin mai MoMo, kai za ka danna da hannunka, kana kare fuskar wayar. In tsohuwa ba ta iya ba, a samu mutum ɗaya amintacce a gida, ba duk yaron da ke wucewa ba. In an cuce ka, kira 100 nan take, sannan ka kai rahoto ga Hukumar Tsaron Intanet ta ƙasa ta lamba 292. Saurin kira yana da tasiri, domin kuɗin ba ya kwana a layin da ya fara sauka.

Mataki na huɗu: WhatsApp

A nan rayuwar zango take: sanarwar suna da aure da rasuwa, karatun malamai, cinikin goro da shanu, hira da 'yan'uwa a Jamus da Amurka da Saudiyya. Don haka a nan zan daɗe.

Shiga Settings, sai Account, sai Two-step verification. Zaɓi lamba shida taka ta kanka, ka haɗa da imel da kake iya buɗewa. Da Mma tana da wannan, ko ta karanta wa yaron lambar da aka turo, da ya tarar da ƙofa ta biyu. Da yake ba ta sa ba, sai yaron ya sa tasa. Mun sake rajistar layin a wayarta, sabuwar lamba ta zo, shigar da ita ya fitar da shi, amma sai da muka jira kwana bakwai kafin ta samu shiga, domin haka ƙa'idar take in wani ya sa lambar da ba ka sani ba. A kwanakin nan kiran dangi muka yi ta yi, har aka yi sanarwa a wurin wani suna a Aboabo cewa kada kowa ya tura komai.

Daga nan duba Linked devices. Duk kwamfuta ko wayar da ke jone da asusunka za ta fito. Minti ɗaya ya ishi wanda ya ari wayarka ya jona tasa, ya riƙa karanta hirarka daga ɗakinsa. Ka ga abin da ba ka sani ba, fitar da shi. Ka mai da wannan dubawar al'ada, ko da duk Juma'a.

Sai kwafin hira da ake ajiyewa a Google Drive ko iCloud. Wannan ita ce ƙofar bayan da na ambata. Saƙo ya tafi a datse, amma kwafinsa ba ya samun irin wannan kullen sai ka kunna da kanka. Tun 2021 akwai damar: Chats, sai Chat backup, sai End-to-end encrypted backup. Za ka zaɓi kalmar sirri ko makulli mai alama 64. Rubuta shi a takarda. In ya ɓace kuma waya ta ɓace, ko kamfanin ba zai iya dawo maka da hirar ba, kuma wannan ita ce shaidar cewa kullen na gaske ne.

A sashen Privacy, mayar da hotonka da shigar da kai rukuni zuwa waɗanda ke cikin lambobinka kaɗai. Kunna saƙo mai ɓacewa a hirar da ba ta bukatar ajiya, domin abin da babu shi ba a sace shi. In maganar mai nauyi ce, ku haɗu da mutumin ido da ido, ku buɗe shafinsa, ku shiga Encryption, ku gwada lambobi 60 da ke nan. In sun zo ɗaya, ba kowa a tsakaninku.

GB WhatsApp da 'yan'uwansa na jabu, waɗanda ake turawa ta Xender don a ga saƙon da aka goge, cire su yau. Ba ka san wanda ya ƙera su ba, kuma duk hirarka ta hannunsa take bi. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Rukuni kuwa, yana iya ɗaukar mutum 1,024. Kullen yana nan, amma me ya amfana in mutum ɗari uku ke da makulli? Kowannensu na iya ɗaukar hoton magana ko tura muryarka gaba. Abin da ba za ka faɗa da lasifika a ƙofar babban masallaci ba, kada ka faɗe shi a rukuni. Magana zarar bunu ce.

Mataki na biyar: wace hanya ga wace magana

Kiran layi da saƙon tes ba su da kulle daga waya zuwa waya. A cikin na'urorin kamfanin sadarwa a buɗe suke. Telegram, wanda da yawa ke ɗauka ya fi tsaro, hirarsa ta yau da kullum da rukunoninsa ba su da irin wannan kullen, sai in ka buɗe Secret Chat tsakanin mutum biyu. WhatsApp yana kulle abin da ka faɗa, amma kamfanin Meta yana riƙe da wasu bayanai game da kai da mu'amalarka. Signal, wanda wata gidauniya mara neman riba ke gudanarwa, shi ya fi ƙarancin abin da yake ajiyewa, kuma tun 2024 kana iya ba mutum sunan laƙabi maimakon lambar layinka. Ni dai hirar gida da ciniki a WhatsApp nake yi, abin da ya shafi amanar wani kuma a Signal.

Mataki na shida: uwar makullai

Asusun Gmail da aka buɗe maka ranar da ka sayi waya shi ne uwar makullanka: lambobin mutane, hotuna, kwafin hira, hanyar dawo da Facebook, duk suna rataye a jikinsa. Mutane da yawa a nan yaron shagon waya ne ya buɗe musu, shi ya zaɓi kalmar sirrin, galibi lambar layinsu ce. Canza ta. Haɗa kalmomi huɗu ko biyar da ba su da dangantaka, misali tukunya, jirgi, alkama, damina, takalmi, amma ka zaɓi naka. Tsawo ya fi ƙawa da alamomi. Kada ka ɗauki karin magana ko aya, domin abin da kowa ya haddace yana cikin abin da ake fara gwadawa.

Kowane asusu da kalmarsa. In wani shafi ya yi yoyo, ɓarayi kan ɗauki kalmar su gwada a sauran wurare. Manhajar ajiye kalmomin sirri irin Bitwarden, ko wadda ke cikin Google, za ta riƙe maka. Ƙaramin littafi a ƙasan akwati ma ya fi maimaita kalma ɗaya. Sannan kunna tabbaci na biyu a Gmail da Facebook. Manhajar Authenticator ta fi saƙon tes, domin layi ana iya sauya shi da yaudara. Lambobin ko-ta-kwana da za a ba ka, rubuta su a littafin nan.

Mataki na bakwai gajere ne. In waya ta nemi sabuntawa, bar ta ta yi, ko da za ta ci data. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, sabuntawa kuma yaɓe ce. Manhaja daga Play Store ko App Store kaɗai. Duba izinin da ka bayar: tocila ba ta da aiki da lambobin mutanenka. Manhajojin ba da rance nan take su suka fi muni. Suna kwashe lambobi da hotuna, in ka makara su bi danginka da cin mutunci. Babban Bankin Gana ya fitar da sunayen marasa lasisi da dama a 2023.

Hukuma: abin da take gani da abin da doka ta ce

A majalisar ataya an sha ce mini, "Ni ba ni da abin ɓoyewa." Amma gidan kowa yana da zaure, ɗakin kowa yana da labule, ba don ana aikata laifi a ciki ba. Suratul Hujurat, aya ta 12, ta hana bin diddigin asirin mutane. Kundin tsarin mulkin 1992, sashe na 18(2), ya kare sirrin gida da dukiya da wasiƙa da sadarwa, sai dai bisa doka kuma don dalilai irin tsaron jama'a da hana laifi. A 2018 Kotun Ƙoli ta ce naɗar kiran mutum a ɓoye ba da saninsa ba keta wannan haƙƙi ne. Dokar Kare Bayanai ta 2012, mai lamba 843, ta ba ka damar tambayar abin da wata ma'aikata ta ajiye game da kai. Dokar Tsaron Intanet ta 2020, mai lamba 1038, ta tanadi cewa mai bincike ya nemi izinin Babbar Kotu kafin ya tare saƙonni, ta kuma wajabta wa kamfanoni ajiye bayanan masu layi na wani tsawon lokaci.

Ban ce hukuma ba ta da hurumin bin masu garkuwa da mutane ko 'yan fashi ba. Tana da shi, kuma muna so ta yi. Abin da nake cewa shi ne a bi ta kotu, domin tarihinmu na kusa ya nuna dalili. A 2016 gwamnati ta kai wa majalisa ƙudurin tare wasiƙu da saƙonnin waya, jama'a suka yi ca, aka janye shi. A 2020, lokacin korona, wani umarnin shugaban ƙasa mai lamba 63 ya sa kamfanonin sadarwa su miƙa bayanan masu layi. Wani lauya ya kai ƙara, a 2021 Babbar Kotu ta ce an keta haƙƙin sirri. A Mayun 2020 kuma Babbar Kotu a Akra ta ɗaure tsofaffin manyan jami'ai uku saboda asarar dala miliyan 4 a cinikin na'urar leƙen asirin waya mai suna Pegasus ta kamfanin NSO na Isra'ila. A kan kuɗi aka yi shari'ar, amma ta nan muka san irin kayan da aka nema da sunanmu. A shekarar dai, Kwamitin Kare 'Yan Jarida na CPJ ya ruwaito cewa jami'an tsaron Gana suna da na'urorin Cellebrite masu kwashe abin da ke cikin wayar da aka kama.

Yanzu ga abin da kulle ba ya rufewa. Ka ɗauki ambulan: wasiƙar tana ciki a manne, amma a bayanta an rubuta daga wa, zuwa ga wa, da ranar aikawa. Tun rajistar da aka fara a Oktoban 2021, kowane layi a ɗaure yake da Ghana Card. Waya kuma muddin tana kunne tana magana da ƙarfen sabis mafi kusa. Ke nan kamfani ya san layin wane ne ya kwana a Asawase, ya yi hantsi a Kejetia, ya kira wane sau nawa, ya tura wa wane kuɗi. Ba saitin da ke goge wannan. Abin da za ka iya shi ne ka san da shi, kada ka ara wa kowa katinka ya yi rajistar layi, domin duk abin da aka aikata da layin ƙofarka za a ƙwanƙwasa. In taron na sirri ne ƙwarai, waya ta zauna a gida.

Pegasus ba ya karya kulle, cikin wayar yake shiga ya karanta saƙo bayan an buɗe. A 2019 an yi amfani da shi a kan mutum kusan 1,400 ta kiran WhatsApp da ko ɗagawa ba sai an yi ba. Yana da tsada ainun, ba a ɓata shi a kan kowa. Amma in kai ɗan jarida ne, lauya, mai fafutuka ko na kusa da ɗan siyasa, ka ƙara waɗannan: waya mai samun sabuntawa a kan kari, kashewa da kunnawa kullum, Lockdown Mode in iPhone ce, waya daban don aiki, da rufe 2G in wayarka ta ba da dama, domin ta nan na'urorin da ke kwaikwayon ƙarfen sabis suka fi samun shiga. Kafin ka tura hoto a matsayin fayil, ka sani yana iya ɗauke da bayanin wurin da aka ɗauke shi, don haka hana kyamara sanin wuri. In kana zargin an shiga wayarka, cibiyar Citizen Lab ta Jami'ar Toronto da sashen fasaha na Amnesty suna irin wannan bincike.

Wasu abubuwa kuma da ake yaɗawa ba su da tushe. Danna *#21# ba ya nuna ana sauraronka, yana nuna ko an karkatar da kiranka zuwa wani layi ne kawai, ##002# kuma yana soke karkatarwar. Zafin waya ko amsa-kuwwa a kira ba hujja ba ce. VPN yana ɓoye wa kamfanin layinka shafukan da kake shiga, amma yana nuna su ga mai VPN ɗin, kuma ba ya ɓoye inda wayarka take. Na kyauta da ba a san mai shi ba, gara babu.

In jami'i ya tsare ka ya nemi wayarka, kada ka yi kokawa, kada kuma ka hau goge abubuwa a gabansa. Ka tambaya cikin ladabi ko akwai takardar kotu, ka nemi lauya. Sashe na 14 na kundin ya ba wanda aka kama haƙƙin a gaya masa dalili da haƙƙin lauya, kuma a kai shi kotu cikin awa 48 ko a sake shi. Ka riƙe sunan ofishin da lokacin da aka karɓi wayar. In ta dawo, canza duk kalmomin sirri daga wata na'ura kafin ka ci gaba da amfani da ita.

Ranar da waya ta ɓace

Jeri yana da muhimmanci, don haka ka bi shi haka. Ari waya ka kira 100 a rufe layin da MoMo. Kira bankinka in akwai manhajarsa a ciki. Shiga asusun Google ko Apple daga wata na'ura, kulle wayar daga nesa, in ka fid da rai ka goge ta, sannan ka canza kalmar sirri. Sanar da mutum biyar da suka fi yawan jama'a a danginku, da baki, cewa duk saƙon neman kuɗi ba kai ba ne. Kai rahoto ofishin 'yan sanda da lambar IMEI da ka rubuta. Washegari ka ɗauki Ghana Card ka je ofishin kamfanin a ba ka sabon sim a kan tsohuwar lambarka. Da ya fara aiki, buɗe WhatsApp da shi, wannan zai fitar da tsohuwar wayar. Kafin ka bar harabar ofishin, canza lambar MoMo, ka kuma kulle sabon sim ɗin.